Wai dole sai mun kashe kumburi kaf a jikinmu?

Kwana biyun nan duk inda ka leƙa, Facebook ne ko TikTok, sai ka ci karo da wani ya kafa waya a gabansa, wani ya sa farar riga wani ma ko damuwa bai yi da sawa ba, yana maka bayanin wai "infilameshan" shi ne uwa ubar duk wata cuta da ke damun ɗan Adam. Ciwon suga shi ne, hawan jini shi ne, kansa shi ne, har mantuwa da rashin barci da furfurar wuri duk shi ne. Kuma kafin bidiyon ya ƙare sai ka ga an ɗago wata kwalba an ce ga abin da zai wanke maka shi tas daga jiki. Ni dai duk lokacin da na ji wannan kalma ta "tas" sai gabana ya faɗi, saboda na taɓa ganin jikin da aka wanke wa kumburi tas da idona, kuma wallahi ba abin sha'awa ba ne.

Kawuna ne. Ciwon gwiwa ya matsa masa shekara da shekaru, sallah ma a zaune yake yi, sai wani abokinsa ya kawo masa wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a leda babu kwali babu takarda ya ce ya gwada. Kwana uku ba a yi ba sai ga kawu yana ruku'u da sujada kamar saurayi. Ya ci gaba da sha kullum wajen shekara biyu. Fuskarsa ta yi zagaye, kumatu sun ciko, ƙeya ta yi tudu, mu kuma muna ta tsokanarsa muna cewa kawu hutu ya karɓe ka. Babu wanda ya lura cewa ƙafafunsa da hannayensa ramewa suke yi, fatar hannunsa ta yi laushi kamar takarda, ɗan bugu kaɗan sai wurin ya yi baƙi. Sai wani mako ya daina cin abinci, yana yawan kwanciya, in ka yi masa magana sai ya ba ka amsar da ba ta haɗu da tambayar ba. Kowa ya shigo sai ya ɗora bayan hannu a goshinsa ya ce ai jikin ba zafi, gajiya ce. Ni ma na ɗora, ni ma na ce haka. Kwana huɗu muna wannan kafin muka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji aka ga nimoniya ta ci huhun duka ɓangare biyu, suga kuma ya hau, mutumin da bai taɓa ciwon suga ba. Likitan ya ce a kawo masa duk abin da yake sha. Da ya juya ledar nan a tafin hannunsa ya kalli ƙwayar sai ya ce, "Baba, wannan ai dexamethasone ce, ita ta hana ka zazzaɓin da zai sa a kawo ka da wuri."

Wannan maganar ta zauna min a rai, ita ta sa na zauna na karanta abin da zan iya fahimta a kan lamarin, ni ba likita ba ne, mai karambanin karatu ne kawai.

Mu fara da sartse. Ka taɓa yin sartse a yatsa ka kasa cire shi? Zuwa yamma wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, yana maka zogi kamar ana buga ganga a ciki, bayan kwana biyu uku ya tara mugunya, ka matsa sai ga ɗan itacen ya fito tare da ita, wani lokaci har kaluluwa ta fito maka a hammata. To wannan duka shi ne abin da likitoci ke nufi da infilameshan, mu mun fi ce masa kumburi duk da kalmar ba ta ɗauke shi duka ba. Alamomin nan huɗu, ja da zafi da kumburi da raɗaɗi, wani Barume mai suna Celsus ya rubuta su tun wajen shekara 2,000 da suka wuce, har yau su ake koya wa ɗaliban likitanci. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata kuwa shi ne, ƙwayoyin jikin da ke gadin wurin da sun ji an shigo sai su saki wasu sinadarai, ni na fi son in kira su 'yan aike. Akwai histamin da ke buɗe jijiyoyin jini har ruwa ya riƙa tsatsowa, akwai furostagilandin mai kawo raɗaɗi da zazzaɓi, akwai wasu da ake kira da haruffa da lambobi, TNF da IL-1 da IL-6, akwai intaferon wanda shi aikinsa ya fi karkata ga bairos. Su ne ke kwarmata wa sauran jiki cewa ga ɓarawo a gida. Su ne ke kiran fararen ƙwayoyin jini su fito daga cikin jijiya su shiga nama inda ake yaƙin, su ne ke zuwa ƙwaƙwalwa su ce a ɗaga zafin jiki, su ne ke zuwa hanta su ce ta fara ƙera kayan faɗa. Mugunyar da muke ƙyama ɗin nan, mafi yawanta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da suka mutu a bakin daga.

A 1882 wani masani ɗan Rasha, Metchnikoff, yana zaune a Messina ta Italiya, ya tsinko ƙayar fure ya soka a jikin ɗan tsakon wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garai yake ana hango ciki. Da gari ya waye ya duba a madubin likita sai ya ga wasu ƙwayoyi sun yi dafifi sun kewaye ƙayar. Daga nan ya fara jayayya da manyan zamaninsa cewa kumburin nan da kuke ɗauka shi ne cutar, jiki ne ke kare kansa. Ya samu kyautar Nobel a 1908. Shekara ɗari da wani abu kenan, amma ga mu yau a waya ana sake sayar mana da tsohon kuskuren a sabuwar kwalba.

In kana son ka san amfanin abu, duba wanda aka haifa babu shi. Akwai jarirai, ba su da yawa ko kaɗan a duniya, da ake haifa fararen ƙwayoyin jininsu ba sa iya manne wa bangon jijiya balle su fita zuwa wurin ciwo. In aka auna jininsu za a ga ƙwayoyin sun cika maƙil, har sun fi na kowa yawa, amma duk suna ta zagaye a cikin jijiya kamar sojojin da aka kulle a bariki gari na ci da wuta. Alamar farko sau da yawa cibiya ce, a yi wata guda ko fiye ba ta faɗi ba, gindinta ya ruɓe, amma ko ɗigon mugunya babu. (Kar wata mai jego ta karanta wannan hankalinta ya tashi, yawancin cibiyar da ta yi jinkirin faɗuwa lafiyarta ƙalau.) Akwai wata kuma da likitoci a Amurka suka bayyana a 1966 a jikin wasu 'yan mata biyu, suka sa mata sunan Annabi Ayuba saboda yawan ƙuraje da marurai. Abin mamakin maruran nasu shi ne masu sanyi ne, ƙato guda cike da mugunya amma ba ja, ba zafi, ba ya ma ciwo sosai, don haka sai ya girma ya yi ɓarna kafin a farga. Sai a 2007 aka gano matsalar tana wani ƙwayar gado da ake kira STAT3, wanda ta cikinsa saƙon wasu daga cikin 'yan aiken nan ke bi.

Wadda ta fi taɓa min zuciya ita ce wadda wasu masu bincike a Faris ƙarƙashin Jean-Laurent Casanova suka bayyana a 2003. Yara ne da wani sinadari mai suna IRAK-4 ba ya aiki a jikinsu, shi ne kamar wayar da ke haɗa mai gadi da ƙararrawa. Ƙwayar cutar da ke kawo nimoniya da sanƙarau za ta shiga jinin yaro tana cinsa, amma zazzaɓin ɗan kaɗan ne ko ya zo a makare, gwajin jinin da ke nuna kumburi shi ma ya ƙi tashi da wuri, uwa na ganin ɗanta ya ɗan yi laushi ne kawai, likita na ganin takardar gwaji ba ta nuna tashin hankali ba, alhali yaron yana bakin kabari. Da yawansu a ƙuruciya suke rasuwa. Waɗanda suka tsallake suka girma kuma sai abin ya yi sauƙi, saboda ɗaya ɓangaren garkuwar, mai koyo da tuna cuta, ya kawo ƙarfi ya rufe giɓin. To ga mutanen da Allah ya halitta da kumburi ƙasa-ƙasa, irin wanda mai kwalba ke maka alkawari. Ka tambayi iyayensu ko ni'ima ce.

Wani zai ce ai waɗannan cututtukan gado ne, ɗaya cikin dubun dubata, me ya haɗa mu da su. Abin da ya haɗa mu shi ne yanzu da hannunmu muke ƙirƙirar irin wannan yanayin da magani. A 1998 aka amince da wata allura mai suna infliximab a Amurka, aikinta ta kama TNF ta ɗaure shi. Ga masu ciwon hanji mai tsanani da masu amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa da kanta, allurar nan rahama ce, mutanen da yatsunsu suka fara karkacewa sun dawo suna rubutu. Amma a 2001 sai ga rahoto a wata babbar mujallar likitoci, mutum 70 cikin masu karɓar allurar sun kamu da tarin fuka, akasari cikin 'yan watannin farko, kuma fiye da rabinsu cutar ba a huhu kaɗai ta tsaya ba. Dalili? Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya an ƙiyasta sun taɓa ɗaukar ƙwayar tibi, yawancinsu ba su sani ba kuma ba za su taɓa yin ciwon ba, saboda jiki ya yi mata ɗan kurkuku da fararen ƙwayoyin jini ya kulle ta a ciki. Ginin kurkukun nan kullum sai ana yi masa yaɓe, kuma TNF ne mai yaɓen. Ka ɗauke shi, bango ya zube, fursuna ya fito. Wato akwai wani ɗan kumburi da ke ci a ƙirjin miliyoyin mutane shiru shekara talatin arba'in, kuma shi ne ya sa suke yawo lafiya. Shi ya sa yanzu likitan kirki ba zai fara maka irin wannan allura ba sai ya gwada ka tibi tukuna, ya duba ciwon hanta nau'in B ma, don shi ma yana farkawa.

Kar a ce na zo ina yabon kumburi kamar ɗan'uwana. Yana kisa, kuma yana kisa da yawa. In ya wuce gona da iri shi ke cika huhu da ruwa, shi ke sa jini ya faɗi ƙoda ta tsaya, in kuma ya zama na ƙasa-ƙasa mai daɗewa irin wanda ƙiba da taba sigari ke hurawa, yana da hannu a toshewar jijiyoyin zuciya, masu bidiyon nan ba ƙarya zalla suke ba, rabin gaskiya suka ɗauko. Kuma magungunan kashe kumburi suna cikin manyan abubuwan da likitanci ya samu. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, shekara biyu bayan nan aka ba shi Nobel tare da wasu mutum biyu. Mai asma da numfashi ya sarƙe masa, wanda aka yi wa dashen ƙoda, yaron da ƙodarsa ke zubar da furotin har ya kumbura, duk waɗannan sitiroyid ne, wato dangin kotizon da dexamethasone, ke riƙe da su da izinin Allah. Ƙwayar da ta kusa kashe kawuna ita ce dai ta ceci ɗimbin mutane lokacin korona.

Labarin koronan ma shi ya fi komai nuna abin da nake son faɗa. A watan Yunin 2020 masu bincike a Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum sama da 6,000. Dexamethasone miligiram 6 kullum har kwana goma ta rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin kawai. Amma ga waɗanda ciwon bai kai su buƙatar oksijin ba, ba ta amfane su da komai ba, alƙaluman ma sun ɗan karkata wajen cutarwa. Magani ɗaya, cuta ɗaya, bambancin kawai a wane mataki mutum yake. A farkon ciwon jiki na buƙatar 'yan aiken nan su yi ihu don a tare bairos, a ƙarshe kuma ihun ne ke neman rushe gidan. A shekarar dai aka gano cewa kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa, jikinsu na ƙera wasu sinadarai da ke kashe intaferon ɗinsu na kansu, yawancinsu maza, wato ƙararrawar farko ce ba ta kaɗa ba, bairos ya samu fili ya yi yadda ya so. Amma wa ya tsaya jin wannan dogon bayani? Abin da ya zaga duniya shi ne an samu maganin korona mai araha. A Indiya a 2021 aka yi ta ɗirka wa mutane sitiroyid, da wanda ya dace da wanda bai dace ba, ƙasar da dama masu ciwon suga sun yi yawa, sai ga wata cutar fangas da ke cin hanci da ido da ƙashin fuska ta ɓarke, sama da mutum 40,000, wasu sai da aka ƙwaƙule musu ido don a ceci ransu. Garin neman gira kenan.

Ko a ciwon zuciyar da ake ta kafa hujja da shi, an gwada. A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji na mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma gwajin jininsu na nuna kumburi, aka riƙa yi wa wasunsu allurar da ke toshe IL-1. Sake samun bugun zuciya da shanyewar jiki ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da an taɓa kolestarol ba, wannan babban abu ne. Sai dai mutuwa ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta ta ƙaru a cikinsu, da aka haɗa lissafin mutuwa gaba ɗaya kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wannan fa ɗan aike ɗaya tak aka toshe, a hannun ƙwararru, ana bibiyar kowane mutum. Ina ga wanda ke haɗiyar ƙwayar da ke toshe kusan dukansu, daga leda, shekara biyu?

Abin da ya fi damuna ma ba masu shan maganin ba ne, yadda aka koya mana gane rashin lafiya ne. Dukanmu bayan hannu ne ma'auninmu, in goshi da zafi akwai ciwo, in babu to a bari zuwa gobe. Alhali waɗanda suka fi kowa rauni su ne jikinsu ya fi kasa yin zazzaɓin. Tsoho na iya ɗauke da nimoniya ko cutar mafitsara da ta shiga jini jikinsa sanyi ƙalau, abin da za ka gani kawai ruɗewa ce, ko faɗuwa, ko ƙin abinci, sai a ce tsufa ne ko a ce ya fara gigi. Jariri sabon haihuwa in cuta ta shiga jininsa sau da yawa sanyi jikinsa ke yi, ya ƙi kama nono, ya yi lakwas. Yaro mai tamowa mai tsanani haka, shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da ba a ga alamar komai ba, don an san jikinsa ba shi da ƙarfin nuna alamar. Mai kansa da ke karɓar kemo, fararen ƙwayoyin jininsa sun faɗi ƙasa, shi ko ƙurji ya yi ba zai tara mugunya ba, ɗan zazzaɓin 38 da wani zai sha farasitamol ya kwanta, a wurinsa maganar gaggawa ce da ake so a fara masa allura cikin awa guda. Kukan kurciya jawabi ne, to amma wanda kurciyarsa ba ta kuka fa, wa aka koya wa ya lura da shi? Ban taɓa ganin bidiyo ɗaya da ya yi tashe a kan wannan ba, don babu kwalbar da za a ɗaga a ƙarshensa.

Zazzaɓin kansa ma mun ɗauke shi abokin gaba fiye da kima. Wani masani, Matthew Kluger, a 1975 ya sa wa wasu ƙadangarun hamada ƙwayar cuta. Ƙadangare ba ya iya ɗaga zafin jikinsa da kansa, sai aka lura mai ciwo yana komawa wuri mafi zafi ya kwanta, waɗanda aka ajiye a wuri mai ɗumi sosai yawancinsu suka rayu, waɗanda aka tsare a wuri mai sanyi-sanyi yawancinsu suka mutu. Mu ba ƙadangaru ba ne, na sani, kuma ba cewa nake a bar yaro yana ƙuna yana kuka ba a ba shi farasitamol ba, a ba shi ya samu sauƙi ya sha ruwa ya yi barci, jaririn da bai kai wata uku ba kuwa da ya yi zazzaɓi asibiti za a nufa ba wani jira. Abin da nake cewa, saukar zafin ba shi ne warkewa ba, kuma sau nawa muke ganin zafi ya sauka mu ce alhamdulillahi ya samu lafiya mu fasa zuwa gwaji.

Su ibuprofen da diclofenac da asfirin kuma da muke sha kamar alewa, tun 1971 wani masani, John Vane, ya nuna cewa magunguna irin su asfirin furostagilandin suke hana jiki ƙerawa. Matsalar ita ce furostagilandin ɗin da ke sa ka jin ciwon baya, danginsa ne ke shafe bangon ciki da majina don kar asid ya ci shi, su ne kuma ke buɗe wa ƙoda hanyar jini musamman in jiki ya bushe. Ka toshe su wata da watanni, ga olsa mai zubar jini, ga ƙoda ta fara gazawa, kai kuma kana murna baya ya daina ciwo. Haka man shafawa mai sitiroyid da ake laftawa a kan makero, ƙaiƙayi ya tsaya jan ya ɓace kwana biyu, a ƙarƙashi kuma fangas ɗin ya samu sake yana ta faɗaɗa, har ya koma wata siffa da likitan fata ma sai ya yi da gaske zai gane shi.

Wani abin dariya, in ka bi shafin masu kwalbar nan ka gangara ƙasa kaɗan, za ka tarar mutum ɗaya ne ke sayar da mai "kashe infilameshan" yau, gobe kuma mai "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", wani lokaci ma kwalba ɗaya ce ke yin duka biyun. Malam, kumburin ai shi ne garkuwar tana aiki, wanne za mu ɗauka? Sa'ar da muke ci ita ce yawancin kayan nan ba sa yin ko ɗaya. Wanda ke tsoratar da ni shi ne wanda yake aiki da gaske, wanda za ka sha yau gobe gwiwa ta saki. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wasu ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake tallatawa a matsayin na itatuwa zalla, da aka auna sai ga dexamethasone da diclofenac a ciki ba a rubuta a jikin kwalbar ba. In a ƙasar da ke da irin wannan sa ido an yi haka, kai ka ƙiyasta sauran wurare. Ni yanzu duk maganin gaɓɓai da aka ce min na ganye ne kuma yana aiki cikin kwana ɗaya, fuskar mai shan nake fara kallo.

Ra'ayina a nan ba mai wuya ba ne. Sitiroyid na sha da na allura bai kamata a miƙa wa kowa ba sai da takardar likita, kuma dokar ta zama ana aiki da ita, a daina barinta a takarda, duk wanda aka ɗora a kai na dogon lokaci a gaya masa ƙarara da yaren da yake ji cewa jikinka ba zai riƙa nuna ciwo kamar na kowa ba, in ka ji kasala ko ka ga canji kar ka jira zazzaɓi, a gaya wa iyalinsa ma don su ne masu ɗora hannu a goshi. Na san abin da za a ce, likitan yana ina, layin asibiti wuni guda ne, mutum na fama da ciwo ka ce ya jira takarda. Wannan gaskiya ce kuma ba ni da amsar da za ta share ta, kawuna ma ba don wauta ya karɓi ledar nan ba, ciwo ne ya ishe shi kuma babu wanda ya ba shi wani abin da ya fi ta. Amma ko mai sayar da magani ya tsaya ya ce baba wannan ba a wuce kwana kaza ana sha, da an rage ɓarna. Masu zuwa a yi musu gwajin CRP, sinadarin jinin da ke nuna kumburi, da kansu kuma suna ɗora sakamakon a intanet suna murna ya yi ƙasa, su sani hanta ce ke ƙera shi in IL-6 ya ba ta umarni, mai shan maganin da ke toshe wannan saƙon ko wanda hantarsa ta lalace zai iya samun sakamako mai kyau yana cikin ciwo mai tsanani, lamba ce da likita ke karantawa tare da ganin mutum.

In kuma kana karanta wannan ka gane cewa kai ma ko wani naka irin ƙwayar nan yake sha, don Allah kar ka ce yau za ka watsar. Wannan shi ne abu na biyu da likitan kawu ya ja mana kunne a kai, don ni da na ji bayaninsa har na ɗauki ledar zan jefa a kwandon shara ya ce in ajiye. Akwai wasu 'yan gaɓoɓi a saman ƙoda da ke ƙera kotisol, sitiroyid ɗin jiki na asali, in ka yi sama da mako uku kana kawo na waje sai su rage aiki, in ka daɗe sosai su yi barci gaba ɗaya, ka yanke rana ɗaya jini na iya faɗuwa mutum ya tafi. A hankali ake janyewa, likita na ragewa.

Kawu ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, janye ƙwayar kuma ya ɗauke mu wata bakwai, ana rage rabi, a rage kwata, wani lokaci a koma baya in jiri ya dame shi. Kumatun sun saɓe, sugan ya sauka amma bai koma daidai ba har yau. Gwiwar ta dawo da ciwonta, ya koma sallah a kujera, kuma bai yafe min wannan ba, duk zuwan da zan yi sai ya ce ni da likitana mun raba shi da maganinsa mai kyau. Watannin baya ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, muka kai shi aka wanke aka yi masa allurar tetanus, washegari wurin ya yi ja ya ɗau zafi, da daddare jikinsa ya yi ɗumi yana ta mita yana cewa a kawo masa bargo. Goggo ta kira ni a waya hankalinta a tashe ta ce kawunka fa zazzaɓi yake yi, na ce mata ga ni nan zuwa mu koma a sake duba ƙafar, na sa takalmi na fita.